Marin da Ba a Ƙera Ba

Ranar kasuwar Babura, wani dattijo ya ajiye ƙarfe a gaban maƙeri, ya rage murya. "Mari za ka ƙera mini. Ɗana ne, taramol ya cinye shi."

Maƙerin ya cusa ƙarfen a wuta. "Baba, kun kai shi asibiti?"

"Mun je. Wai wani magani za su ɗora shi a kai, har jikinsa ya daina nema. Ƙwaya ta lalata mini yaro, kuma a ce ƙwaya ce za ta gyara shi? Gara in ɗaure abina."

Maƙerin ya zaro ƙarfen jajur, ya hau duka. Dattijon ya saki baki yana kallo. Guduma na sauka daidai inda ido ya nufa, hannun ko gezau. Sai ya tuna hannuwan ɗansa, da ko kofin shayi ba sa iya riƙewa.

Da aka tsamo ƙarfen daga ruwa, sai ga fartanya.

"Kai! Mari fa na ce!"

Maƙerin ya ɗage ƙafar wandonsa. Wani baƙin tabo ya zagaye idon sawunsa kamar munduwa.

"An gwada shi a kaina, Baba. Ranar da aka kwance ni, ranar na koma shan ƙwaya. Maganin asibitin nan ne a jikina yanzu haka."

Dattijon ya daɗe yana kallon hannuwan maƙerin. Ya karɓi fartanyar da hannu biyu, da sauran ɗuminta.

"Ikon Allah. Yaro, yaushe za ka koma wajen likitan?"