Tarin Kalilu

Duk rani Kalilu da matarsa Uwa sukan tsallako iyaka daga ƙauyensu da ke kusa da Ɗan Isa, su yi ƙwadago a gonakin bakin dam ɗin Jibiya. Shi feshin maganin ƙwari, ita tsinkar attaruhu. Da ruwan fari ya sauka sai su koma gida noma. A shekarar korona aka rufe hanya ruf, kasuwa ta mutu, yawancin 'yan ƙwadago suka sulale ta daji suka koma gida. Su kam suka tsaya, domin rumbun da suka baro babu ko zangarniya a ciki.

Aikin mutum uku ya dawo wuyan Kalilu. Alhaji mai gonar yakan zo da takunkumi a fuska, ya tsaya daga nesa yana nuni da sanda. Wanda ke goye da tankin guba kuwa ko ƙyalle ba a ba shi ba. Abin da masu feshi suka gada shi ne, in an gama aiki a kwankwaɗi nono, wai yana kashe dafi. Uwa ba ta taɓa fashin tanadar masa ba. Sai ga azumi ya kama a tsakiyar bazara.

Wata rana Alhaji ya ga tsutsa ta fara cin attaruhu, ya ce lalle a gama feshi yau. "Tsutsa ba ta san dokar kulle ba," in ji shi.

"Maigida, bari rana ta yi sanyi mana," Uwa ta ce.

Kalilu ya yi dariya. "Ke dai aje mini nonona. In an sha ruwa na rama."

Bayan azahar ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar kunya. Tari ya sarƙe shi, numfashi sama-sama, yawu na dalala, gumi kamar an watsa masa ruwa. Uwa ta yar da kwando ta sheƙo. Kafin ta ɗago kansa wani ya ƙwala ihu: "Korona ce! Baƙin nan sun kawo muna ita!" Nan take gona ta watse.

Ta bi Alhaji har bakin motarsa. "Alhaji, don girman Allah, ko a baya ka aza shi."

"Baiwar Allah, ni ma ina da iyali." Ya ɗage gilashi.

Ta tare mai babur, ya dubi Kalilu sau ɗaya ya murɗa wuta. Na biyu ko tsayawa bai yi ba. Sai Isah, wani ɗan ga-ruwa mutumin ƙasarsu, ya sauke jarkokinsa a ƙasa, ya naɗe fuskarsa da rawani, ya kama mata suka ɗora Kalilu a kurar ruwa.

"Yaya, kura dai ga ta," ya ce, kansa a sunkuye. "Amma in an gan ni da shi, ba mai ƙara shan ruwana a garin ga."

"Ka yi naka. Allah shi saka."

Uwa ta ɗaure zani tamau ta kama hannun kura. Taya na nutsewa a rairayi, tana sa ƙirji tana turawa, bakinta da azumi, takalmi ɗaya ya tsinke ta bar shi nan. Ta ratsa unguwa ana janye yara ana rufe ƙofofi. Ba ta ƙara roƙon kowa ba. A shingen jami'an tsaro wani ya daka mata tsawa, ya ce ba ta san an hana fita ba?

"Na sani. Mijina na mutuwa. Ko ku ɗage icen ga, ko in bi ta kanshi."

Suka ɗage.

La'asar ta yi sakaliya kafin ta isa asibiti. Ma'aikaciyar jinya mai suna Mufida ta sa safar hannu ta matso, warin rigar Kalilu ya buge ta. "Wannan ai maganin feshi ne!" Aka yage rigar, aka wanke masa jiki, aka yi allura. Amma dafin ya riga ya gama aikinsa. Ana gab da kiran magariba Kalilu ya cika.

"Da ya samu nono ya sha?" Uwa ta tambaya.

"Inna, nono ba ya kashe wannan dafi. Abin da ke cetonsa shi ne a kawo shi da wuri. Da tun faɗuwarsa aka kawo shi, da muna da abin yi."

Iyaka a rufe take, don haka a Jibiya aka binne shi, mahaifiyarsa ba ta ga gawarsa ba. Da labari ya bazu cewa ba korona ba ce, waɗanda suka gudu suka dawo gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Alhaji bai iya zuwa ba, sai ya aiko yaronsa ya ce mata ta yi haƙuri, ƙaddara ce.

Uwa ta ɗago kai daga cikin mayafin takaba, idonta a bushe. "Ƙaddara ce, na yarda. Amma ka gaya mishi, ka gaya ma duk wanda ya tambaya: mu ba cuta muka kawo garin ga ba, ƙarfinmu muka kawo. Da shi suka ci attaruhu, kuma ban bar mijina ya mutu a kunya kamar kare ba."

Jama'a, ba kowane tari ne annoba ba, kuma ba da tazara ba ya nufin yasar da mutum. Rufe fuskarka, ka kai maras lafiya asibiti. Kai kuma mai gona, ka ba mai feshinka kariya, domin ran baƙon da ke maka aiki amana ne a wuyanka.