Fuskar da Ke Cikin Madubi

"Makullin shagon nan ba zai shiga hannunka ba," in ji Baffa mai shagon, yana zaune a kujerar aski, ɗan ɗan'uwansa na gyara masa ƙeya.

Saurayin bai ɗago ba. Tun yana sharar gashi a shagon har ya zama shi ake bi wa layi, ko reza bai taɓa ɓatarwa ba.

"Me na yi, Baffa?"

"Ba sai ka yi ba. Dubi hancinka, dubi goshinka, har riƙon almakashi da hagu. Ubanka sak! Shi kuwa caca ta cinye masa komai, har injin askinsa. Wanda ya ɗauko kama har haka, ai hali ma ya ɗauko."

Saurayin ya ƙarasa gyaran tsaf, ya kakkaɓe wa Baffa wuya.

"Wato duk mai wannan fuska ba a ba shi amana?"

"Ko ta allura."

"To madalla."

Ya dafa kujerar, ya juya ta a hankali har ta fuskanci babban madubi. Ga hancin, ga goshin, ga fuskar marigayi uban saurayin ɗungurungum tana kallon Baffa.

"Ni rabi na ɗauko, sauran na uwata ne. Kai da shi kuwa tagwaye ne, Baffa. Sai ka fara ajiye makullin."