Sawun da Ba Shi da Kai

Gaɓa arba'in da uku Badaru ya ƙirga a jikin falalen. Ya sake ƙirgawa. Babu kai, babu ƙafa.

A wani kufai bayan Basirka ya tono shi, ja jawur, gefensa baƙi, ga wani sawu a tsakiya ya lanƙwashe kamar ƙadandoniya. Shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa ce, kowane ofis yana neman abin nunawa. Badaru, sabon jami'in binciken duwatsu, bai yi wata-wata ba ya rubuta wa shugabanninsa cewa ya gano halittar da ta fara rarrafe a doron ƙasa.

Ya aika wa masana hotuna. Wani ya ce tsutsa ce, wani ya ce saiwa, na uku ya ce ba dabba ba ce kuma ba tsiro ba. Babu ɗayansu da ya taɓa dutsen da hannunsa. A ƙarshe aka yanke a kai shi Kano a yanka, a ga cikinsa. In abin banza ne, sunan Badaru ya gama lalacewa. Tsoro ya hana shi cin abinci.

Ga kuma Inna Batulu, tsohuwar da take noma kufan. Tun ranar da aka tono falalen take zuwa ta zauna gefensa. Badaru ya ɗauka gonarta take wa gadi, har ya rantse mata ba za a ƙwace ba.

Ranar ɗauka, mota ta iso daga Birnin Kudu. Tsohuwar ta dafa falalen.

"Malam, yanka shi za ku yi?"

"Dole ne, Inna. Ya fi shekara miliyan ɗari huɗu, kuma ba mu san ko mene ne ba."

"Daɓen ɗakina ne," in ji ta. "Gobara ce ta gasa shi. Ranar da muke daɓen, 'yata Zahara'u ta yi ta birgima a kai yana ɗanye. Ba ta fito daga wutar ba."

Ta kwance bakin zaninta, ta ciro 'yar jigidar Zahara'u, ta kwantar da ita cikin sawun. Kowace ƙwayar jigidar ta faɗa gurbinta, arba'in da uku cif.