Babu Polly a Littafin

Kwana uku da binne Mis Winifred Holroyd, ɗan ƙanenta Cedric ya sa aka fitar da akwatin Polly bakin ƙofa. Ya sayar da gidan.

Shekara arba'in da ɗaya Polly ta yi a gidan nan. Tana 'yar sha biyu Mis Holroyd, wadda ba ta taɓa aure ba, ta je gidan marayu da ƙafarta ta ɗauko ta, ko kallon sauran yaran ba ta yi ba. Ta ba ta makwanci kusa da rumbun kwal. Polly ce shara, ita ce zubar da fo. Abinci a tsaye, a kicin. Masu aiki sun zo sun tafi, ita ba a kore ta ba, ba a kuma taɓa ce mata sannu ba. Da tsohuwar ta kwanta ciwo, shekara shida Polly na wanke mata ƙazanta, Mis Holroyd tana tsaki tana kau da kai.

Gidan gajiyayyu na coci yana da ɗaki ɗaya da babu kowa, amma sai da shaidar haihuwa, kafin Juma'a. Amos mai haƙa kabari ya raka Polly gidan marayun neman shaidar.

Magatakarda ya leƙa littafin rajista sama-sama. "Babu wata Polly a nan."

"Kai yaro, wa ya taɓa kai jaririya coci ya ce Polly?" in ji Amos. "Mary ce. A bakin masu reno Mary ke komawa Molly, Molly ta koma Polly. Na binne su da yawa. Sunan kan kabari daban, na kicin daban."

"Mary sun fi hamsin, baba."

"To zaman me kake yi? Nemo wadda ta tafi gidan Holroyd."

Polly ta ja hannun rigarsa. "Amos, bari, kar mu dame shi."

Magatakarda ya yi ta juya shafi yana lasar yatsa. Can ya tsaya. Ya dubi Polly, ya dubi shafin. Amos ya fizgo littafin, ya bi layin da farce, harafi harafi, iyakar karatunsa ke nan.

"Ɗaki ya samu, Polly," ya ce. Sai ya juya ya tofa yawu a tsakar ofis.

Sa hannu biyu ne a shafin: na wadda ta ɗauke ta aiki, da na uwar da ta kawo ta tana kwana tara a duniya. Duka biyun Winifred Holroyd ne.