Neman Aiki a Ɗakin Ɓeraye

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo, mun kasa kunne.

Da sassafe wani tsoho ya tsaya a ƙofar ɗakin bincike yana neman aikin wanke kejin ɓeraye. Mai gadi bai tambaye shi komai ba, ya buɗe masa.

Likitar da ke shugabantar wurin ta fito cikin farar riga. "Baba, ka taɓa irin wannan aiki?"

"Ban taɓa ba, ranki ya daɗe. Amma ina da ƙaramar yarinya a makaranta. A taimaka."

Ta ce sai ta gwada shi. Ta kai shi gaban wani babban baho, ruwansa fari fat saboda madarar da aka zuba. A ƙarƙashin ruwan an ɓoye ɗan tudun tsayawa. Ɓera mai lafiya, in ya taɓa samun tudun, washegari kai tsaye yake nufarsa. Mai cutar mantuwa kuwa sai ya yi ta zagaye. Da haka suke gwada maganin da ake fatan ya amfani mutane.

"Doka ɗaya ce, Baba. Kada ka sa hannu sai agogo ya yi ƙara."

Ta saki wani farin ɓera. Ya yi iyo, ya wuce tudun, ya dawo, ya sake wucewa. Hancinsa ya fara nutsewa.

Tsoho ya kasa daurewa. Ya tsamo shi ta gindin wutsiya, ya ja aljihun tebur ba tare da ya duba ba, ya zaro tawul ya naɗe shi. Ma'aikata duk suka sunkuyar da kai.

Sai tsoho ya juya wajen likita. "Na ɓata muku aiki. Kada ki kore ni. Bawan Allah ya san akwai wurin tsayawa, inda yake ne ya ɓace masa."

Likita ta matso kusa da shi.

"An ɗauke ka, Baba."

Ya yi ta godiya har da ƙwalla.

Da yamma ta riƙe hannunsa zuwa mota, kamar kullum. Gobe ma zai zo neman aikin, ta sake ɗaukarsa. Shi ya kafa ɗakin binciken nan tun tana goye, kuma ita ce yarinyar da yake cewa tana makaranta.

Ƙurunƙus, a nan ta tsaya.