Hular Gashin Nélida

Karo na uku ke nan cikin shekara guda Eusebio yana kawo wa Doña Herminia, dattijuwa mai sana'ar haɗa hular gashi, hular nan gyara, kuma kullum gefe ɗaya ne ke zubewa. Wannan karon har ragar da aka ɗaura gashin a kai ta fito fili. Tun zuwansa na farko ya ce ta yayarsa ce, Nélida, wadda ciwon daji ya cinye wa gashi.

Herminia ta ce, "Ka kawo ta in gwada mata mana, ɗana. Dubi yadda ragar ta saki, kamar an cusa mata kabewa."

"Ba ta fita. Lahadi kafin tsakar rana, Doña, don Allah."

Shekara talatin Herminia tana wannan sana'a a birnin Cali, ba ta taɓa ganin gashi ya ƙare haka ba. Ba ɓarnar mataji ba ce. Silin kan yi laushi, ya yi sheƙi, sannan ya tsinke. Ta zauna da allurarta mai ƙugiya tana ɗaura sili ɗai-ɗai, ta tashi, ta dawo, kofinta ya huce. A cikin ragar ta tsinci guntayen furfura. Ta ce a ranta, ashe gashin baiwar Allah ya fara tsirowa.

Ranar Asabar sau huɗu yana bugo waya. Ba ta gama ba sai safiyar Lahadi, don haka ta hau bas ta kai masa da kanta.

Ta tarar da shi yana kai-komo a bakin ƙofa, ya aske gemu tas har ya yanke haɓa. Ya karɓe kwalin hular ya shige, ko godiya babu. Abin ya sosa mata rai. Kwana uku tana wahala, ai sai ta ga yadda hular ta zauna wa mai ita. Ta jira kaɗan, ta shiga.

A tsakar gida wata tsohuwa makauniya ce zaune tana lalube.

"Ina 'yata? Yau ta makara."

Aka fito daga ɗaki da hular a ka, aka durƙusa, aka ɗora kai a cinyarta. Tsohuwar ta yi ajiyar zuciya, ta shiga shafa gashin.

Mai hular ya ɗago ido ya ga Herminia, ya ɗora yatsa a leɓe. Eusebio ne, wanda shekara biyu ke nan ya kasa gaya wa uwarsa an binne Nélida.