Bencin Baya

"Ba zan sa budurwar nan a horo ba," na ce wa shugaban dattawan cocinmu.

Ya dube ni sheƙeƙe. "Fasto, ke yarinya ce, digirinki ba ya aiki a nan. Wadda ta yi ciki ba aure a bencin baya take zama. Haka muka gada."

"To Baba, ɗanka da ya yi mata cikin fa? Ko nasa bencin yana wurin kafinta?"

Ranar Lahadi suka zaunar da ita can bakin ƙofa, kusa da tsintsiyoyi. Ɗan nasa kuwa yana gaba yana buga ganga, har da lumshe ido. Na ɗauki Littafi Mai Tsarki na sauko, na wuce manyan riguna da turarensu, na tsaya gefenta na fara wa'azi. Dole kowa ya juyo. Dattawa suka tsinci kansu a sahun ƙarshe, suna murɗa wuya.

Wata bai cika ba suka karɓe makullin gidan fasto. Yanzu a ɗakin ƙanwata nake kwana, kuma babu cocin da ya sake kirana.